Waiwaye Kan Matsalolin Bincike da Koyar da Hausar Salaga, Yendi da Bawku

1.0 Gabatarwa

Fataucin goro ne ya kai Hausawa ƙasar Gwanja. A ƙarni na 19 Salaga ta zama babbar kasuwar da ayarori daga Kano da Katsina suke sauka, Yendi da Bawku kuwa suka kasance zanguna a hanyoyin fatauci. Malamai sun bi fatake, suka kafa makarantu, suka yi rubuce-rubuce da Larabci da ajami. Wannan maƙala ta duba matsaloli uku da suka daɗe suna damun malaman jami'a masu son nazarin wannan gado da koyar da shi.

2.0 Warwatsewar Rubuce-rubuce

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa mutanen garin tare da littattafansu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Daga baya yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1899 ta bar Salaga hannun Ingilishi, Yendi kuma hannun Jamusawa. Saboda haka takardun yanki ɗaya suka rabu gida biyu. Abin da Alhaji Umaru ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich Turai ya tafi, a shekarar 2000 kuma Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw ya buga wani kaso daga ciki. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka kafa a 1961, ta yi ƙoƙarin tattara abin da ya saura. Thomas Hodgkin da Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo sun taka rawa a wannan aiki. Duk da haka, ɗalibin Kano ko Zariya da wuya ya ga waɗannan takardu da idonsa.

3.0 Rabuwar Ilimi Biyu

Mai nazarin waɗannan takardu yana buƙatar ajami da Larabci da tarihin Gwanja da Dagomba. Almajirin zaure ya iya karanta rubutun, amma ba a horar da shi kan dabarun binciken jami'a ba. Ɗan boko kuwa ya san dabarun, amma ajami yana ba shi wuya. Ashe ke nan dole a haɗa su a aji ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4.0 Matsayin Karin Harshe

Hausar Gana ta sha bamban da Daidaitacciyar Hausa, musamman wajen jinsi, inda masu magana da yawa ba sa rarrabe namiji da mace a nahawu. Malamin da ya ɗauki wannan a matsayin kuskure kawai, ya rufe wa ɗalibansa ƙofar nazarin yadda harshe yake sauyawa idan ya cuɗanya da Dagbani ko Kusaal. Ƙari a kan haka, Hausa ba ta shiga jerin harsunan da gwamnatin Gana ta ware don koyarwa a makarantu ba, abin da ya rage masu yi mata hidima a can.

5.0 Kammalawa

Matsalolin nan uku tushensu ɗaya ne, wato rabuwa: ta takardu, ta masu ilimi, da ta ƙasashe. Maganinsu shi ne musayar hotunan takardu da ɗalibai tsakanin jami'o'in Nijeriya da Nijar da Gana, tare da sanya ajami cikin manhaja tun daga ajin farko. Idan aka yi sakaci, ranar da masu iya karanta takardun suka ƙare, tarihin Hausawan Gwanja zai zama tawada kawai a kan takarda.