Sammore da Ƙudan Tsando a Tarihin Kiwo a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Duk mai nazarin tarihin kudancin Katsina zai tarar cewa ba yaƙi da kasuwanci kaɗai ne suka shata wa mutane wurin zama ba, har da wani ɗan ƙaramin ƙwaro, watau ƙudan tsando. Shi wannan ƙuda mazauninsa kurmi da inuwar bakin rafi, kuma ta cizonsa ne ƙwayar cutar sammore ke shiga jinin saniya, sai ta rame, gashinta ya tashi, nononta ya ƙafe, ta yi ɓari, daga bisani ta mutu.

Fulani sun daɗe da sanin wuraren da ke kashe dukiya, ko da yake sai a 1895 David Bruce ya tabbatar da dangantakar ƙudan da cutar a ƙasar Zulu. Saboda haka makiyayi kan tsinci kansa tsakanin abu biyu: in ya tsaya Arewa da rani fari ya cinye garken, in ya gangara Kudu neman ɗanyar ciyawa ya tarar da tsando. Ƙasar Maska da ta Galadiman Katsina suna kan wannan hanya, don haka shanun da suka dawo da damina sukan dawo da cutar.

Zamanin Turawa ya ƙara wa al'amarin nauyi. Noman auduga ya bunƙasa, hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kuma shiga koya wa manoma huɗa da garmar shanu. Daga nan sammore ta zama damuwar manomi ma, domin wanda bijiminsa ya mutu kafin shuka ya yi asarar shekara. A ƙasar Zazzau mai maƙwabtaka an soma aikin Anchau a 1937, inda aka sare kurmin rafuka aka gina Takalafiya, sai dai ciwon barci na mutane aka fi nufa. An kafa cibiyar binciken cutar a Kaduna a 1947, sannan magunguna irin su Berenil da feshin maganin ƙwari suka biyo baya.

Amma a ganinmu, gatari da fartanya sun taka rawar da ba ta gaza ta allura ba. Yawan jama'a, da ƙarewar namun dajin da ƙudan ke shan jininsu, da faɗaɗa gonaki, musamman bayan Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa na 1975, su suka rage masa mafaka. Sai dai gonar da ta kori tsando ita ce ta cinye makiyaya da burtali. Wannan shi ne ɓangaren tarihin da ya kamata ɗalibanmu su bi, tun dattawan da suka shaida shi suna raye.