Daga Jan Tawada Zuwa Allon Kwamfuta

Wanda ya nemi wata magana a intanet yau, sai injin bincike ya jero masa sakamako, ya kaurara kalmomin da ya nema domin ido ya faɗa kansu nan take. Mutane da dama sun ɗauka wannan dabara baƙuwa ce. Tarihin karatu a birnin Kano ya nuna ba haka ba ne.

A Ƙofar Wambai, inda majema suka daɗe suna jeme fata, irin wadda dukawa ke ɗinka gafaka da ita, duk wanda ya buɗe tsohon littafin fiƙihu na hannu zai ga baƙin rubutu, amma kalmomi irin su babi da fasali an yi su da jan tawada, sau da yawa an kaurara su. Manufar ita ce ɗalibi ya gano mas'ala ba tare da ya bi kowane layi ba. Alarammomi kuwa suka ƙara da ilimin harji, watau su rubuta a gefen shafin Alƙur'ani sau nawa wani lafazi ya zo, domin mahaddaci kada ya rikice.

A ƙasashen waje ma an yi wannan fama. Gustav Flügel ya buga fihirisar kalmomin Alƙur'ani a Jamus a 1842, Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya fito da tasa a Alƙahira a 1945. A 1958 Hans Peter Luhn na kamfanin IBM a Amurka ya sa na'ura ta jera kowace kalma a tsakiyar layi, da abin da ya gabace ta da wanda ya biyo ta. Google, da aka kafa a 1998, a kan wannan turba ya ɗora.

Sai dai akwai bambanci. Marubucin da ya tsoma alƙalami a jan tawada ya san ma'anar abin da ya fifita; na'ura sau da yawa haruffa take gwadawa. In an rubuta Hausa babu lanƙwasa, ba ta raba ƙasa da kasa. Daɗin daɗawa, tana iya haskaka “an yarda” ta bar “ba” da ke gabansa a dushe. Ma'aikacin da ya yanke hukunci a kan kalma biyu masu kauri ya cuci mai haƙƙi. Malaman zaure ba su taɓa barin almajiri ya tsaya a kan jan rubutu ba; sai ya karanta babin har ƙarshensa.