Reluwen Zariya Zuwa Ƙauran Namoda da Bunƙasar Funtuwa

Duk mai nazarin tarihin kudancin ƙasar Katsina ba zai tsallake batun layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda ba. An shimfiɗa shi tsakanin 1927 da 1929, wato bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Reshe ne na babban layi, kuma kaya aka gina shi domin su fiye da fasinja.

Dalilin shimfiɗa shi kuwa auduga ce. Tun 1902 masu masaƙu a Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta, don su rage dogaro da audugar Amurka. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta laka ce mai riƙe ruwa, saboda haka aka kafa gonar iri a Daudawa, da injinan gurza a garuruwan biyu.

Ga yadda aikin yake gudana. Da kaka manomi yakan kai audugarsa fuloti, a tantance, a auna, a biya shi. Daga nan sai gidan gurza, a raba ta da angurya, a ɗaure dila-dila, a loda a tarago zuwa Zariya, sannan Ikko. Da yake dogo bai bi ta Malumfashi ba, nata kayan sai an kawo su tashar Funtuwa ta mota. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen ɗaukaka Funtuwa bisa Maska, tsohon garin da hakiminta yake riƙe da sarautarsa.

Amma fa ribar ba ta zauna daidai ba. Manomi yana sayarwa ne da haraji a wuyansa, farashi kuma ba a hannunsa yake ba, yayin da tufafin da jirgin yake komowa da su suka riƙa cin kasuwar masaƙan gida.

Bayan mulkin kai, yawaitar tituna da manyan motoci da rashin gyara suka raunana reshen. Rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986 ya ƙara dagula sha'anin audugar kanta.

Abin da ya saura shi ne harshe. Kalmomin tasha da tarago da reluwe sun zauna daram, kuma unguwar Bisije a Funtuwa tana ɗauke da sunan ƙungiyar nan. Ya kamata manazarta su hanzarta tattara bayanai daga bakin dattawan da suka yi dako da awo a wannan tasha, tun kafin ƙasa ta rufe idanunsu.