Taurarin Ɗan Adam na Nijeriya: Tarihin Alkawura da Jinkiri, Kamar Yadda Muka Gani Daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Gabatarwa

Ina yaro ƙarami a shekarar 1969 labari ya zo ta rediyo cewa mutanen Amurka sun sauka a kan wata. Na tuna dattawan unguwarmu sun kwana biyu suna gardama a dandali, wasu suka ce tatsuniyar Nasara ce. Sanin sama a wurinsu shi ne sanin Kaza Mai 'Ya'ya da Gamzaki da Zara matar wata, waɗanda manomi da matafiyi ke lissafin lokaci da su. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana ƙasarmu za ta mallaki nata tauraron na ƙarfe.

Na yi aikin gwamnati tun zamanin tsohuwar Jihar Kaduna, aka maido mu gida bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, kuma mafi yawan shekaruna na yi su a ɓangaren kuɗi da tsare-tsare. Abin da nake son ajiye wa malaman makaranta da dattawa a nan shi ne tarihin shirin sararin samaniya na Nijeriya: yadda ya fara da ƙarfinsa, yadda kasafin kuɗi ya riƙa ja masa birki, da kuma abin da wannan jinkiri ya jawo wa mutanen da ke zaune a bakin daji irin na ƙasar Pauwa da ƙasar Kogo.

Mafarin Al'amari

Hulɗar Nijeriya da tauraron ɗan Adam ta girmi hukumar da ke kula da shi. A 1971 aka buɗe tashar sadarwa ta Lanlate a ƙasar Yarbawa, wadda ke haɗa wayarmu da ƙasashen waje ta taurarin wasu. Daga bisani aka gina irinta a Kujama, kusa da Kaduna. A shekarun 1970 ɗin ne kuma, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, aka ba da kwangilar wasu manyan balan-balan da za a ɗaure a sama don watsa rediyo da talabijin. Aka kashe kuɗi mai yawa, aikin bai kai ga amfani ba, aka watsar. Tsofaffin ma'aikata sun daɗe suna buga misali da shi.

Hukumar kula da sararin samaniya ta ƙasa, wadda aka fi sani da NASRDA, an kafa ta a 1999, kuma Farfesa Robert Boroffice ne shugabanta na farko. A 2001 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta amince da manufar ƙasa a kan sararin samaniya. Dokar da ta tabbatar da hukumar kuwa sai a 2010 ta samu, wato ta yi shekara 11 tana aiki kafin majalisa ta ba ta gindin zama.

Shekarun Yabanya

A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk a ƙasar Rasha. Wani kamfanin Ingila mai suna Surrey Satellite Technology ya ƙera shi a kan kuɗi kimanin dala miliyan 13, kuma injiniyoyinmu 15 suka samu horo a wurin ƙirar. Aikinsa ɗaukar hoton doron ƙasa. Idonsa ba mai kaifi ba ne sosai, domin kowane ɗigo na hotonsa faɗin mita 32 ne, saboda haka yana ganin daji da gonaki da ambaliya, amma ba ya ganin mutum ko babur. Duk da haka ya yi abin kirki: hotunansa sun taimaka wa masu agaji lokacin da mahaukaciyar guguwar Katrina ta afka wa Amurka a 2005. An ƙera shi ya yi shekara 5, ya kai har 2012.

Ganin wannan nasara, aka zana wa shirin taswirar shekara 25. A cikinta aka yi alkawura uku da ya kamata mai karatu ya riƙe: a tura ɗan Nijeriya sararin samaniya a 2015, a harba tauraron da aka ƙera a cikin gida a 2018, sannan a harba tauraro daga ƙasar Nijeriya da rokar Nijeriya a 2025. Akwai ma cibiyar binciken roka a Epe ta Jihar Legas.

Tuntuɓe na farko ya zo ta wajen tauraron sadarwa. Kamfanin China Great Wall ya ƙera NigComSat-1, aka harba shi daga Xichang a ƙasar Sin a watan Mayu na 2007, mako biyu kafin a rantsar da marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa. Jaridun lokacin sun ƙiyasta kuɗinsa a kan naira biliyan 40, kuma babban kasonsa bashi ne daga bankin Exim na Sin. An ce zai yi shekara 15. A watan Nuwamba na 2008, wata 18 kacal da harba shi, fukafukansa masu tara hasken rana suka lalace, wuta ta ɗauke masa, ya mutu. Albarkacin inshora da yarjejeniyar da aka sake yi da maƙeran, aka ƙera madadinsa ba tare da Nijeriya ta biya sabon kuɗin ƙira ba, amma sai da aka jira shekara 3.

Shekarar 2011 ita ce ƙololuwa. Ranar 17 ga Agusta aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X tare daga Yasny a Rasha. Na farkon idonsa ya kai mita 2.5, wato yana iya nuna gida da hanya da mota. Na biyun injiniyoyin Nijeriya ne suka harhaɗa shi da hannunsu a Ingila. Ranar 19 ga Disamba kuma aka harba NigComSat-1R. Taurari uku a shekara guda.

Inda Kuɗi Ya Tsaya

Tauraron ɗan Adam yana da wa'adi. Baturansa na tsufa, man da yake gyara tafiyarsa da shi na ƙarewa, kuma ba a sauko da shi a kai wa bakanike. NigeriaSat-2 an ƙera shi ne don shekara 7, wato zuwa 2018. Ƙirar sabo kuwa takan ɗauki shekara 3 ko fiye. Ashe ke nan tun 2014 ya kamata a ba da kwangilar magajinsa. A ƙarshen wannan shekarar farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, a 2016 tattalin arzikin ƙasa ya shiga karaya, a 2020 annobar korona ta sake karya shi.

A nan zan yi amfani da abin da na sani a ofis. Kasafin kuɗin gwamnati kashi biyu ne: na yau da kullum, wato albashi da wuta da takarda, da kuma na manyan ayyuka. Idan kuɗi ya yi ƙaranci ba a taɓa albashi, saboda ma'aikaci zai yi kuka a ƙarshen wata. Manyan ayyuka ake yanka, tun da su ba su da baki. Har ila yau, rubuta adadi a kasafi daban, sakin kuɗin daban. Na sha ganin aikin da aka ware wa kuɗi cif, sai a saki rubu'i a ƙarshen shekara, kafin a gama takardun kwangila shekara ta ƙare, a mai da saura baitulmali. Rijiya ko aji biyu na firamare za su iya jure wannan, a yi rabi bana a ƙarasa baɗi. Tauraro ba a yin rabinsa.

Matsala ta biyu ita ce canjin kuɗi. Kasafinmu da naira ake yi, maƙera kuwa dala suke karɓa. A 2003 dala ɗaya tana wajen naira 130, saboda haka dala miliyan 13 ba ta kai naira biliyan 2 ba. A 2024, da dala ta haura naira 1,500, wannan adadin ya kusa naira biliyan 20. Kowace shekara ta jinkiri tana ƙara wa aikin tsada.

Misali bayyananne shi ne na ƙarin taurarin sadarwa biyu da aka daɗe ana maganar saye daga Sin a kan dala miliyan 550. A Janairu na 2018 ministan sadarwa na lokacin, Adebayo Shittu, ya bayyana cewa Nijeriya ta kasa biyan kashi 15 cikin 100 da aka nema daga gare ta, don haka Sinawa suka yarda su ɗauki nauyin duka. Shekarun wannan gwamnati suka ƙare ba a harba ko ɗaya ba.

Alkawuran taswira kuwa haka suka wuce ɗaya bayan ɗaya. 2015 ta zo ba ɗan sama jannati, a 2016 ministan kimiyya Ogbonnaya Onu ya mai da wa'adin 2030. Tauraron da za a ƙera a gida a 2018 bai samu ba. Abin da aka gani a tsakani shi ne wani ɗan ƙaramin tauraron koyo, NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Akure ta yi da haɗin gwiwar wata jami'ar Japan a 2017, sai DelSat-1 na sojoji wanda aka ƙaddamar a Disamba na 2022.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan manomin Sabuwa da tauraro? Amsar tana cikin daji. Ƙananan hukumominmu uku suna jingine da dazuzzukan da suka sarƙe da juna: Rugu ta arewa, Kogo a ƙasar Faskari, sannan Kamuku ta Birnin Gwari da Kuyambana ta Zamfara. A cikinsu 'yan bindiga suka yi sansani. Faɗin waɗannan dazuzzuka ya fi ƙarfin a tsare su da ƙafa kawai, sai da ido daga sama.

Daren Juma'a 11 ga Disamba, 2020, aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara aka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji da ƙafa. Ranar 17 ga wata aka sako 344 ta wajen Tsafe a Jihar Zamfara. A waɗannan kwanaki shida na ji iyaye da dama suna tambaya, ina taurarin da aka ce muna da su? A lokacin NigeriaSat-2 ya wuce wa'adinsa da shekara 2, kuma ba a ba shi magaji ba. A 2021 shugaban hukumar na lokacin, Dakta Halilu Shaba, ya shaida wa manema labarai cewa taurarin da ake da su ba su isa a sa ido a kan zirga-zirgar 'yan bindiga ba.

Adalci ya sa in faɗi iyakar abin da tauraro ke iyawa. Mai ɗaukar hoto yana kewaya duniya ne a nisan kilomita 700 ko kusa da haka, ya gifta ta kanmu cikin 'yan mintoci, sai kuma bayan kwanaki ya dawo. Ba ya gani da dare, ba ya keta hadari, ba ya leƙa ƙarƙashin itatuwa. Mai gani cikin duhu da gajimare shi ne mai aiki da rada, kuma irinsa hukumar ta daɗe tana roƙo. Saboda haka ba zan ce tauraro kaɗai zai hana abin da ya faru a Ƙanƙara ba. Amma hotunan da ake ɗauka a kai a kai suna nuna sabuwar hanyar babura, da inda aka sare daji aka yi bukkoki, da gonakin da aka bari ba noma. Wanda ke da wannan sani tun da wuri, shirinsa ya fi na wanda sai an kawo hari yake ji.

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Sai wajen Disamba aka maido. Watanni uku mutum na tafiya mai nisa kafin ya kira ɗan'uwansa ko ya karɓi kuɗin da aka turo masa. A ganina, wanda ya rasa idon da zai bambance ɓarawo da mai gida, shi ne ke kashe fitilar gidan duka.

Ba tsaro kaɗai ba. Da irin waɗannan hotuna ake auna yawan masara da auduga da aka noma a yankin Faskari, da yadda daji ke ja da baya, da burtalin da gonaki suka cinye, wanda yana cikin tushen rikicin manoma da makiyaya. Idan ba mu da namu, sai mu saya da dala ko mu jira wanda wasu ƙasashe suka bayar kyauta.

Kammalawa

A watan Mayu na 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sabbin taurari huɗu, uku masu ɗaukar hoto, ɗaya mai rada. Albishir ne mai daɗi, sai dai tsohon ma'aikacin kuɗi ya san tazarar da ke tsakanin amincewa da sakin kuɗi. NigComSat-1R ma, bisa lissafin maƙeransa na shekara 15, ƙarshen 2026 ne wa'adinsa.

Darasin da na ɗauka shi ne wanda kowane manomi ya sani: ranar da aka zuba hatsi a rumbu ake ware iri. Mu mun yi girbi mai kyau a 2011, ba mu ware iri ba. Aikin da ke ɗaukar shekaru yana bukatar kuɗin da doka ta keɓe masa na shekaru, wanda faɗuwar farashin mai ba za ta taɓa ba.

Roƙona ga malamai shi ne su koya wa yara wannan tarihi da shekarunsa da alƙalumansa, nasarar da kuma tuntuɓen. Makarantar da aka kwashe wa ɗalibai a Ƙanƙara ta kimiyya ce, kuma daga irin waɗannan azuzuwa injiniyoyin da suka harhaɗa NigeriaSat-X suka fito. Ga dattawa kuwa, duk lokacin da wakilanmu na majalisar tarayya suka zo gida, a tambaye su nawa aka rubuta wa wannan aiki a kasafi, nawa kuma aka saki.