Mizanin Hoto a Ƙasar Gusau: Daga Majigi Zuwa Shagon Gem

Duk wanda ya leƙa ɗaya daga cikin shagunan gem na Tudun Wada ko Sabon Gari a birnin Gusau, ko kuwa irin rumfunan kwanon da samari ke buɗewa a bakin titi a Tsafe da Bungudu, inda ake jera benci gaban talabijin ana biyan kuɗi a buga wasan ƙwallo na 'yan mintuna, da wuya ya fito bai ga wani aibi ba, wanda yawan gani ya sa ido ya daina inkarinsa: 'yan wasa sun gajarce sun yi faɗin da ya wuce halittar ɗan Adam, raga ta miƙe, ƙwallo kuwa ya bar da'irarsa ya baje a kwance. In aka tambayi mai shago sai ya ce haka gem ɗin ya zo, ko ya ɗora wa talabijin laifi, alhali babu ɗayansu da ya lalace. Haƙiƙanin al'amari shi ne an ɗauko hoton da aka yanka bisa wani mizani na faɗi da tsawo, an tilasta masa ya cika gurbin da aka yanka bisa wani mizani dabam. Wannan saɓani kuwa ya girmi gem, kuma mutanen ƙasar nan sun sha karo da shi tun zamanin kakanni.

Gusau, wadda Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ba ta zama matattarar baƙi da baƙin kaya ba sai da layin dogo ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtua da Tsafe, ya ratsa ta, ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka jawo kamfanoni da ma'aikata, daga baya masaƙa ta zo a shekarun 1960, kuma inda duk albashi ya taru, nan masu nishaɗi ke sauka. Hoto mai motsi na farko da talakan Arewa ya sani shi ne majigi, wanda motar gwamnati ke yawo da shi gari gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna darussan tsafta da noma da labarun hukuma. Hoton majigi ya kusa zama murabba'i, domin ya gaji mizanin da William Dickson, ma'aikacin Edison a Amurka, ya tsayar wa fim mai faɗin milimita 35 tun shekarun 1890, wato faɗi kashi 4, tsawo kashi 3, abin da ake rubutawa 4:3. Fiye da rabin ƙarni aka yi duniya na kallo ta wannan taga ba tare da jayayya ba, har talabijin da ta zo ita ma ta ɗauke shi yadda ta same shi.

Masu silima ne suka fara warware wannan ittifaƙi, kuma tsoron talabijin ya sa su. Da suka ga mutanen Amurka sun fara zaman gida, sai kamfanin 20th Century Fox ya fito da tsarin CinemaScope a 1953, hoto mai faɗin da ya ninka tsawonsa sau biyu da ɗoriya. Dabarar da aka yi abin a tsaya a kanta ce, domin ita ce uwar dukan rikicin da ya biyo baya: tun da faifan fim bai ƙara faɗi ba, sai aka sa wa kyamara wani gilashi mai matse hoto ta gefe da gefe, a kuma sa wa na'urar haskawa kishiyarsa mai warware matsin. Indiya ta karɓi wannan tsari da fim ɗin Kaagaz Ke Phool a 1959, finafinan Indiya kuwa, kamar yadda kowa ya sani, su ne suka mallaki zukatan masu shiga silima a ƙasar Hausa. Saboda haka idan mai haska fim ya manta bai ɗaura gilashin warwarewa ba, sai jarumi ya fito siriri dogo, doki ya tsuke, 'yan kallo su ɗau ihu har a gyara. A wancan zamani jama'a ba su yarda da karkataccen hoto ba, kuma akwai mutum ɗaya sananne wanda alhakin daidaita shi ke wuyansa. Da kaset ɗin bidiyo ya zo aka rinƙa zuba waɗannan finafinai masu faɗi cikin talabijin mai 4:3, sai ya zama dole a zaɓi ɗaya cikin uku: a datse gefe biyu, ko a bar baƙi sama da ƙasa, ko a bar matsin yadda yake. A nan ne ido ya fara koyon haƙuri da abin da ba daidai ba.

Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, Nijeriya kuma ta bi tsarin Turai wanda ake kira PAL, mai layi 625 da bugu 50 a daƙiƙa, saɓanin tsarin NTSC na Amurka da Japan, mai layi 525 da bugu 60. Wannan bambanci, da ake zaton ba ya damun kowa sai injiniyoyi, ya shigo har zauren talaka sa'ad da akwatunan gem suka fara kwararowa ta kasuwar Alaba ta Ikko da Sabon Garin Kano, sababbi da na gwanjo: jabun Famicom ta Nintendo, wadda asalinta ya fito a Japan a 1983, da Mega Drive ta Sega ta 1988, sannan PlayStation ta Sony ta 1994, da magajiyarta ta shekarar 2000. Wanda ya sayi akwati ɗan Japan ko ɗan Amurka, bayan ya nemo abin rage ƙarfin wuta don kada ya ƙone, sau da yawa yakan iske hoto ya fito fari da baƙi, ko yana ta birgima, sai fa in talabijin ɗinsa mai karɓar tsari biyu ce. Wanda kuwa ya sayi ɗan Turai ya tsira daga wannan ya faɗa wata illa ɓoyayya, domin akasarin wasannin an tsara su ne don talabijin ɗin Japan, aka juyo su ba tare da tahƙiƙi ba: layukan hoto ba su kai adadin layukan PAL ba, sai hoto ya danne ya bar baƙi sama da ƙasa, gudun wasa kuma ya ragu da kusan sudusi, tun da bugu 60 ya koma 50. Yara da yawa sun tashi suna buga wasa dannanne mai nawa, suna ɗauka haka aka halicce shi.

Mai gyaran talabijin na wancan lokaci yana da ilmin wannan babi, ko da bai san sunansa a littafi ba. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana da wuraren murɗawa na tsawo da na faɗi, kuma gwani ba ya mayar wa mai kaya da kayansa sai ya dubi fuskar mai karanta labarai ya tabbata ta zauna daidai. Ina ganin asara ce babba da wannan ɗabi'a ta duba kafin miƙawa ba ta bi sana'ar zuwa hannun magada ba.

An ƙirƙiri Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama hedikwata. Bayan gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999 aka rufe gidajen silima, kallo ya koma ɗakuna da ƙananan shaguna. A cikin shekarun da suka biyo baya ne shafaffiyar talabijin, wadda jama'a ke kira filasma ko da wane iri ce, ta kori mai ƙeya, ta zo da mizanin 16:9, wanda wani injiniya Ba'amurke, Kerns Powers, ya ba da shawararsa a 1984 don ya zama sulhu tsakanin tsohon mizani da na silima. Lissafin a fili yake. Fuska mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsawo, in aka ɗora mata hoton 4:3 bisa haƙƙinsa, zai ci ɗigo 1440 kaɗai, ya bar 240 baƙi a dama, 240 a hagu. In kuwa aka ja shi ya cika, kowane abu a cikinsa ya ƙara faɗi da sulusi. Wayoyin hannu na yanzu sun ma zarce haka, da yawansu 20:9 ne, har tsohon hoto yakan ƙara faɗi da sulusi biyu in aka shimfiɗa shi a kansu.

Sai zamanin emuleta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ko waya ta kwaikwayi tsohon akwatin gem har wasanninsa su gudana a kanta. Akwai ePSXe ta shekarar 2000 mai kwaikwayon PlayStation ta farko, da PCSX2 mai kwaikwayon ta biyu, amma wadda ta fi shiga hannun samarinmu ita ce PPSSPP mai kwaikwayon PSP, wato PlayStation ta riƙe a hannu, wadda Henrik Rydgård ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2012, domin ko ƙaramar waya tana ɗaukarta, kuma masu turin finafinai da waƙoƙi a kasuwa su ne ke tura ta tare da wasan ƙwallo. Da yake ba ta bukatar intanet bayan an tura, ko a watan Satumba na 2021, da aka yanke layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, wasan da ke cikin waya bai tsaya ba.

To, a emuleta hoto yakan bi ta ƙofa uku kafin ya iso ido, kuma a kowace ana iya tauye shi ko a ja shi: saitin da ke cikin wasan kansa, da saitin manhaja, da saitin talabijin ko kwamfutar da ke nunawa. Mafi yawan ɓarna daga ƙofa ta uku take, inda maɓalli guda a rimot ke mayar da hoto 4:3, amma ba a taɓa shi. Ta biyu ke bi mata, domin kusan kowace emuleta tana da zaɓi tsakanin shimfiɗa hoto ya cika fuska da kiyaye mizaninsa na asali. Ta farko ta fi dabara: wasu wasannin PlayStation ta biyu suna da zaɓin 16:9 a cikinsu, wanda yake matse hoto da gangan, daidai da dabarar CinemaScope, bisa sharaɗin talabijin za ta warware, in aka kunna shi ba a warware ba mutane su fito sirara, in aka warware ba a kunna ba su fito gajeru. Ƙa'idar gyara ita ce a mayar da ƙofofin uku ga asalinsu, sannan a riƙa canja ɗaya ɗaya ana dubawa, a kuma kafa shaida adali. Da'irar tsakiyar fili ba ta isa shaida ba, domin daga gefe ake hangenta, dole ta fito a kwance. Ƙwallo ne shaida, tun da ta kowace fuska aka dube shi da'ira ne.

Akwai mas'ala guda da masana wannan fanni suka yi saɓani a kanta, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Akwatin Super Nintendo na fitar da ɗigo 256 a faɗi da 224 a tsawo, wanda in aka jera su murabba'i murabba'i, kamar yadda kwamfuta ke yi, sai su ba da 8:7. Amma tsohuwar talabijin takan ja kowane ɗigo kaɗan har hoto ya kusanci 4:3. Wasu suka ce abin da mai zane ya zana shi ne asali, wasu suka ce abin da mai wasa ya gani a zamaninsa shi ne asali, binciken wasannin kuma ya nuna masu zanen kansu ba su bi tafarki ɗaya ba. Ni dai na karkata ga magana ta biyu, domin don talabijin aka yi wasan, amma ba na ganin laifin wanda ya bi ta farko da sani.

Abin da ba ni da rangwame a kansa shi ne ɗaukar baƙin gefe a matsayin naƙasa. Ƙasar Tsafe ita ce ƙasar 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai, kuma duk wanda ya taɓa riƙe littafin da aka kwafa da hannu ya san cewa mai kwafi na ƙwarai ba ya jan haruffan matani don su cika takarda. Yakan bar hashiya a gefe, ya naƙalto abin da ya samu yadda ya same shi. Emuleta ma aikinta naƙali ne, baƙin nan kuwa hashiyarta ce. Na san uzurin mai shago, uzuri ne kuma mai ƙarfi: yaron da ya biya kuɗinsa yana son ya ga talabijin cike, in ya ga baƙi sai ya ce an rage masa, ya koma shagon maƙwabci. Amma akwai mafita ga wasanni masu zurfin fili irin na ƙwallo, domin PCSX2 da 'yan'uwanta suna da gyaran da ke buɗe filin kallo ta gefe biyu maimakon jan hoto, sai fuska ta cika, 'yan wasa kuma su zauna bisa halittarsu, illa dai allon ƙidayar ci da rubuce-rubuce kan ɗan baje a wasu wasannin. Wasannin PSP kuwa tun asali ɗigo 480 ne bisa 272, kusan 16:9 ke nan, saboda haka a talabijin ɗin shago suna cika fuska da kansu. A doguwar waya ne kaɗai ake bukatar a kashe zaɓin shimfiɗawa, a bar ɗan baƙi dama da hagu, inda dama can manyan yatsu ke sauka a kan maɓallai.