Tarihin Taramol

Ɗan'uwa mai karatu, ka san taramol. Ka gan shi a faifan mai talla ranar kasuwa, kusa da maganin ciwon kai. To, daga ina ya fito?

A ƙasar Jamus aka haɗa shi, a shekarar 1962. Sunansa na gaskiya taramadol. Sai a 1977 aka fara sayar da shi. An yi shi don mutumin da aka yi ma aiki a gidan likita, ko wanda ya karye, ko mai ciwo mai tsanani. Ƙwayar likita miligiram 50 ce ko 100. Ko babban mutum ba a ba shi fiye da 400 a yini.

Bayan shekara ta 2000 abin ya sake. Wasu masana'antu na ƙasar Indiya suka shiga buga ƙwaya mai 120, da mai 200, har da mai 225. Jirgin ruwa ya sauke ta Kwatano ko Lome ko Legas, mota ta hauro da ita arewa. Tana da araha. Mai noma ya sha don ya kai yamma bisa haywa, ɗan kabu-kabu ya sha, mai haƙar zinariya ya sha. Gajiyar tana nan a jiki, jin ta ne kaɗai mutum ba ya yi.

Ga wani abin mamaki. A 2013 wasu masana suka ce sun samu taramol cikin saiwar tafashiya a ƙasar Kamaru. Aka yi murna, wai ashe itace ma yana yin sa. A 2014 wasu masanan Jamus suka sake bincike. Suka ce a'a: manoman arewacin Kamaru ne ke ba shanun huɗa ƙwayar don su daɗe suna aiki. Shanu su yi fitsari, ƙasa ta sha, saiwa ta tsotsa. Ka ji yawan abin da aka ɗura ma dabbobi, bayin Allah.

A 2018 gwamnatin Indiya ta tsananta doka a kan fitar da shi. Ƴan fasa-ƙwauri ba su daina ba, suka kawo wata ƙwaya, tafarodol. Ita ma Indiya ta hana yin ta a 2025.

Wanda ya saba, ɗaya ba ta isarsa, sai biyu, sai huɗu. Daga nan faɗuwa irin ta farfaɗiya, wani kuma numfashi ya tsaya cikin barci. In ya bari gaba ɗaya, ga zufa, ga zawo, ga ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙi zuwa. Mutane su ce iskoki ne, alhali jiki ne ke neman abin da ya saba. Wannan wahala takan yi kamar mako guda. Shi ya sa a gidan likita ake rage ma mutum ƙwayar kaɗan-kaɗan. Kwaɗayinta kuwa yakan daɗe watanni, musamman in damina ta faɗi, aiki ya yi yawa, abokan da suka saba sha tare suna gona ɗaya.