Yadda maganin ɗan Amurka ya rataya a wuyan uban gidansa

A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta ƙayyade ƙarin albashi don kada kaya su yi tsada. Ma'aikata sun yi ƙaranci, kamfanoni kuma ba su da damar jawo su da kuɗi, sai suka koma yi musu tayin inshorar lafiya, wadda hukuma ba ta lissafa cikin albashi. A 1954 doka ta tabbatar da yafe haraji a kanta. Tun daga nan kuɗin asibitin mutum ya dogara da wanda ya ɗauke shi aiki. A ganina, nan ne tushen rigimar inshorar lafiya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, domin tsarin ya samar da miliyoyin mutane masu abin da suke tsoron rasawa.

A Nuwamban 1945 Shugaba Harry Truman ya nemi majalisa ta kafa inshora ɗaya ga kowa. Ƙungiyar likitoci ta AMA ta ɗora wa kowane mamba dala 25, ta ɗauki kamfanin Whitaker da Baxter, suka liƙa wa shirin sunan gurguzu a daidai lokacin da tsoron Tarayyar Sobiyet ya cika ƙasar. Shirin ya mutu. Wasu za su ce ai kuɗin likitoci ne ya kashe shi, wasu kuma su ce Amurkawa dama ba sa son gwamnati ta tsoma baki a harkarsu. Duka biyun da ƙamshin gaskiya, amma ba su amsa abin da ya faru a 1965 ba. Ƙungiyar AMA ta sake ja da ƙarfinta, duk da haka Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan Medicare domin masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid domin talakawa, har ya miƙa wa Truman katin Medicare na farko. Me ya sauya? Tsoho ya bar aiki, ba shi da uban gidan da zai biya masa, saboda haka babu abin da za a tsorata shi da shi. Yau ɗan siyasar da ya taɓa Medicare ya san ya taɓo gidan rina.

Shirin inshorar lafiya na Shugaba Bill Clinton ya rushe a 1994 bayan tallace-tallacen kamfanonin inshora sun cusa wa masu aiki fargabar rasa abin da ke hannunsu. Barack Obama ya ɗauki darasi: dokarsa ta 2010 ta bar inshorar wurin aiki a inda take, ta yi faci a gefenta. Ko hakan bai samu ƙuri'ar ɗan jam'iyyar Rifablikan ko ɗaya ba a zaman majalisa na ƙarshe, kuma a 2012 Kotun Ƙoli ta bar wa jihohi zaɓin faɗaɗa Medicaid. Jihar Tekzas ta ƙi, kuma ita ce kan gaba a ƙasar wajen yawan kason mutanen da ba su da inshorar lafiya.